Ba a Barin Hayaƙi Bayan Ganuwa

Isuhu, ajiye igiyar nan tukuna. Ku ma sauran ku matso gindin gawon nan ku zauna, maganata ba ta tsaye ba ce. Jiya da safe na zaga na ga turakun da kunka kafa. Kun aiko a kira ni in nuna muku yadda ake tada ganuwa, wai ni kaɗai na rage cikin waɗanda sunka taɓa aikinta. Ba ni kaɗai ba ne, mu biyu ne. Na biyun Bawa ne, kuma turakunku sun bi ta bakin tsohuwar rijiya sun bar gidanshi waje, shi da sauran 'yan gidajen Arna da ke gindin dutse.

Na san abin da ya tashe ku, ni ma ina da ido. Tun da masu babura sunka fara shiga garuruwan da ke arewa da mu, ba kasuwar da za ta ci ba mu ga amalanken jaki sun wuce ta nan ba, tabarmi bisa, awaki biye, sun nufi Filingue. Kun ce ko mu haƙa rami mu tada bango kafin damina, ko mu ma mu ɗaure kaya. Ban ƙaryata ku ba. Amma da na ce layinku bai kai inda ya kamata ba, wani ya yi magana daga baya, shina zaton kunnena ya mutu, wai rami ne fa, ba hawan sama ba, kowa ya iya riƙon felu, wato shebur, ya iya. To, sannunku masu felu. Bari in gaya muku abin da na sani, in na ƙare ku yi yadda kunka gani.

Aikin farko da Tanko, uban Bawa, ya sa ni, taka ƙasa ne. Ubana ya kai ni wurinshi don gonarmu ba ta isa ta ci da mu duka ba. Tanko Arne ne, bai taɓa sa goshi ƙasa ba har ya mutu, amma liman da kanshi rufewar Tanko ce, rumbun ƙasa da ya gina, ke riƙe mishi hatsi. Ya nuna mini tarin jan ƙasa da anka zuba wa ruwa da ƙaiƙayin hatsi da kashin jaki, ya ce in shiga. Na shiga har ƙwauri. A taka, a juya da galma, a sake takawa, sannan a lulluɓe ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa. Ba a ƙidaya mata kwana, hanci ke faɗi: ran da ka buɗe warin ya buge ka har ka ja da baya, ta nuna. Rani guda ban ɗora ko curi ɗaya bisa gini ba. Faso ya tsattsaga mini dugadugai, wata safiya na nuna wa Tanko jini cikin lakar, ya duba ya ce ba komi, ƙasa na son ɗan gishiri. Bawa sa'ana ne, tare muke cikin ramin. Ni na fi shi ƙarfi, shi ya fi ni hannu, kuma haka abin ya zauna har munka yi furfura.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Galma ce, da dagi na fasa marmara, da kwando na ɗauka, da tulu, sai madaɓi. Madaɓin nan shi ne kuke rainawa, don gungumen itacen aduwa ne kawai da mariƙi, amma shi ke yin ganuwa. Felu tara ƙasa kawai ya sani. Ƙasar da anka tara ba a daɓe ba, ruwan farko zai maida ta cikin ramin da ta fito, ku tashi da safe ku tarar kun share wa babur hanya.

Ran da anka fara hawa da ni Kufai, bayan an gama ɗaurin hatsi ne. Ku Kufai kun san shi wurin hawa neman rezo, ku tsaya bisa tudu kuna ɗaga waya sama. Tudun da kuke takawa ɗin nan ganuwa ce. Can bisa dutsen kakanninmu sunka zauna zamanin da mahaya ke zuwa su kwashe mutum cikin gonarshi. Ta gefe uku dutsen ya yanke tsaye, ko akuya sai ta yi shawara. Ta gefen da ya haɗe da fako, inda doki ke iya zuwa a guje, nan sunka ja ganuwa biyu, kowace da gwalalonta, wato ramin da ke gabanta, sunka shuka gumbi ciki har ya sarƙe. Sannan ƙaramin bango ya bi bakin dutsen ya zagaye sauran. Tun kafin a haifi Tanko mutane sun sauko kwari, ba kowa can sai ƙadangaru. Duk da haka, ba maginin garin nan da zai taɓa rumbun kowa a sabuwar shekara sai ya hau ya gyara abin da damina ta ci a Kufai. Ba a biyan kowa, gari dai ke aiko da hura. Na tambayi Tanko mi ya sa muke wahala kan bangon da ba ya tsare kowa. Ya ce hannu ake tsarewa, ba gari ba, don ranar da za a nemi ganuwa ba ranar koyonta ba ce.

Can na koyi abin da kuke son in gaya muku cikin zama guda. Ƙasar gwalalo ciki ake jefa ta, ba waje ba, kuma ba daf da bakin ramin ba, sai an bar mata dandamali, in ba haka ba nauyinta ya karya bakin. Gindin ganuwa faɗi yake so, ninkin tsayin da kake nufi har da ƙari. Ba a tada ta gaba ɗaya. A shimfiɗa kamar kaurin taƙi guda, a yayyafa ruwa, a daɓe har madaɓi ya daina barin sawu, a bar ta ta sha iska, sannan a ƙara. In ka yi gaggawa waje ya bushe ciki na ɗanye, ta tsage daga sama har ƙasa, ka kuwa san abin da ƙadangare ke jira. Ƙasar kwari mai kanwa ba a sa ta, tana cin gindin bango kamar gara. Ƙofa kuma ba a yin ta miƙe. Ta ganuwar waje na nan, ta ciki na can gefe, dole mai doki ya ja linzami ya karkata, ya ba masu kibau haƙarƙarinshi. Kuma kada wani ya ruɗe ku, ganuwa ba ta taɓa kashe kowa ba, ba ta tare harsashi daga sama. Jinkiri kawai take saye, gwargwadon yadda mace za ta sungumi ɗanta ta gudu.

Akwai wani wuri ta yamma da munka fi ƙi, ni da Bawa. Bangon na tahiya sosai, sai kawai ya kumbura ya fita waje kamar gwiwa, ya zagaye wani ɗan da'irar duwatsu, ya dawo. Wurin gangare ne, kowace shekara shi ke fara zubewa, kuma duk ƙasar da za a gyara shi da ita sai an hau da ita da kwando bisa kai. Wata rana na gaji na zagi wanda ya yi wannan karkata. Tanko ya ce in rufe bakina, ya zaunar da mu ya gaya mana yadda ake jan layin ganuwa. Ba a fara kafa turke. Babban magini hawa tudu yake yi lokacin da mata ke ɗora tukunya, ya duba duk inda hayaƙi ke tashi, layi ya bi ta bayan na ƙarshe. Ko na wane ne, ko baƙo, ko kuturu, ko wanda gari ke gaba da shi. Da'irar duwatsun nan, in ji shi, bukkar wata tsohuwa ce da ba ta shiri da kowa, ta ƙi matsowa, hayaƙinta kuwa ya tashi ranar da anka duba.

Na ce don tsohuwa ɗaya anka ɗora wa mutane wannan wahala har jikoki? Abin da ya ce ban manta shi ba:

"Nomau, wanda ka bari waje abu biyu ke gabanshi. Ko ya mutu a ƙofarka, ko a sa mishi wuƙa ya nuna ƙofarka. Zaɓi wanda za ka iya kwana da shi."

Da Tanko ya rasu munka ci gaba mu biyu. Mun yi gini daga nan har Imanan, mun yi a Baleyara. Rufewa ce abincinmu. Ni ke aza gindi bisa duwatsu in tada ciki, Bawa ke rufe wuya, don nan ne aikin yake: bango sirara kamar tafin hannu, shina komawa ciki a hankali, ba abin da ke riƙe da shi sai junanshi. Masu aiki kuwa kala-kala ne. Akwai wani Bazabarme mai awon hatsi a Baleyara da ya so mu tada mishi rufewa uku kafin kasuwa ta zagayo. Kullum shina bisa kanmu, ku ƙara, ku ƙara, rana na yi. Bawa ya ce mishi da yarensu kaina-kaina, wato sannu-sannu. Ya ƙi ji, ya kawo wasu sunka yi mishi ta ukun cikin sauri. Da munka koma baɗi ya tare mu da hura mai nono, bai ce komi ba game da ta ukun, mu ma ba mu tambaya ba, mun dai ga kaji na kiwo inda take da. Daga baya siminti da kwano sunka shigo, buhu ya maye rumbu wurin masu hali, aiki ya ja baya. Hurar Kufai ma gari ya daina aikowa. Mu biyu muke hawa da guzurinmu, mutane na cewa ga mahaukatan can sun tahi yi wa ƙadangaru gini.

Yanzu in zo ga shekarar da kuke jin labarinta a karkace. Ta kudu, a ƙaramin bangon da ke bakin dutse, akwai wata kafa da ba a taɓa rufewa ba, faɗinta kamar saniya ta wuce, an shimfiɗe ƙasanta da faffaɗan duwatsu. Ƙofar Inna ake ce mata. Arna sun ce nan Inna, iskar da suke wa yanka, ke wucewa da shanunta da damina. Kowace shekara in mun gama gyara, Tanko kan yanka baƙar akuya a wurin, bayanshi Bawa ya gada. Ni in an zo yankan sai in koma gefe in yi sallata, ba wanda ya taɓa hana wani. Ni dai ban taɓa ganin Inna ba. Abin da na gani, duk ruwan da ya sauka cikin Kufai nan yake taruwa ya fita, ya faɗa kwazazzabon kudu, ya bar gari a baya.

Ƙasan kwazazzabon nan akwai gonar Alhaji Maikano, Allah ya jiƙanshi, kuma ruwan na yankar mishi ita kaɗan-kaɗan. Lokacin ne kuma wa'azi ya yi zafi a garin nan kan yanke-yanken Arna. Ga Alhaji faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tashi bayan sallar Juma'a ya ce abin kunya ne gari na Musulmi a ce an bar wa aljana ƙofa bisa kanshi, a hau a toshe ta, a ga ta inda za ta bi. Mutane sunka yi na'am, don ba wanda ke son a ce shi ne mai tsoron iska. Anka zo wurina in ja aikin, na ƙi. Na ce hanyar ruwa ce. Anka ce ai dole in faɗi haka, wanda ya ci tuwon Arna tun shina yaro.

Anka kira Bawa gaban mai gari. Da ya ce hanyar ruwa ce kamar yadda na ce, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba. Amma shi bai da wasu kalmomi sai na ubanshi. Ya tsaya da hularshi a hannu ya ce:

"Ku bar mata ƙofarta. In kun rufe wagga, za ta yi tata, kuma ba za ta tambaye ku inda kuke so ba."

Anka yi dariya. Gayya anka yi, babba da yaro, har da kiɗi, kowa ya ɗauki dutse ya kai. Uwayenku na ciki, ba na faɗi don in ci musu fuska ba, kusan duk gari na ciki. Sun toshe ta da kyau kuwa, har da buhun siminti na Alhaji.

Ruwan farko da na biyu ba abin da ya faru, sai tafki da ya kwanta cikin Kufai. Makiyaya na hawa da awaki suna shayarwa, Alhaji na cewa ga shi Allah ya ba mu tafki kyauta. Ni da Bawa mun hau mun duba, munka tarar gindin bangon ta arewa ya jiƙe shina tsatsa. Ta arewa kuwa, a ƙasa, nan filin rumbunan gari yake. Na gaya wa mai gari, ya ce a bari a gama noma na biyu. Tsakiyar damina ce, lokacin da hatsin gona bai fidda kai ba, na rumbu kuma shi ne ɗan abin da ya rage tsakanin mutum da yunwa.

Da la'asar hadarin ya taso daga gabas, muna gona. Ruwa ne irin wanda ba ka ganin wanda ke kunya ɗaya da kai. Ya ɗan tsagaita muna komowa gida, sai munka ji ƙara daga bisa, ba tsawa ba ce, ta fi tsawa tsawo. Na ɗaga kai na ga bakin dutsen ya buɗe, jan ruwa na zubowa da duwatsu da itatuwa ciki. Bai bi ta gidaje ba, Allah ya tsare rayuka, filin rumbuna ya nufa. Rufewa ba ta tsoron ruwan sama, amma in ya taɓa mata gindi ta ƙare. Ina tsaye ina kallon waɗanda na gina da hannuna suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya kamar shanun da sunka gaji. Ba ihun da ban ji ba ran nan.

Kashegari mata sunka fito da rariya da ƙwarya suna tace laka, suna tsintar hatsi. Abin da sunka samu kafin a shanya ya tsira. Shekarar nan an ci tafasa da dusa, an sai da awaki a Filingue kamar kyauta, maza da yawa sun tahi bariki tun ba a yi girbi ba, wasu har yau ba su komo ba. An rufe ƙananan yara da dama kafin sabon hatsi ya shigo. Ba ruwan ya kashe su ba, abin da ya biyo bayanshi ne.

Sai magana ta juya. Ba wanda zai ce laifin masu toshewa ne, don duk wanda zai faɗi ya ɗauki dutse. Laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Anka tuna abin da Bawa ya ce gaban mai gari, anka ce ashe ba gargaɗi ba ne, baki ne ya yi wa gari. Shi ya ce za ta yi ƙofarta, ga shi ta yi. Anka ce a duba unguwarsu ta gabas, ko kaza ba ta jiƙe ba. To ina za ta jiƙe, ruwan arewa ya bi? Na faɗi wannan har muryata ta dushe. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kore shi. Mata dai sunka daina zuwa ɗibar wuta gidanshi, in ya yi sallama a kasuwa a amsa ana kallon wani wuri, ɗiyanshi sunka daina zuwa dandali.

Ranin da ya biyo baya shi ne aiki mafi yawa da na taɓa gani, gari guda na son rumbu. Kowa ya zo sai ya ce Nomau, kai kaɗai muke so, kada hannun mutumin nan ya taɓa inda za mu zuba abinci. Na ce ban iya rufe wuya kamar shi ba, sunka ce sun ji sun gani. Bawa da kanshi ya ce in karɓa, mutane na bukatar wurin zuba hatsi ko da wane hannu. Wasu sunka yarda ya taka mini ƙasa can bakin rami, inda ba su gani. Mutum da furfura a gemu, wanda ya fi kowa hannu daga nan har Imanan, ya koma cikin laka har ƙwauri kamar ran da munka fara. Ya yi rani guda, bai yi ƙorafi ba, daga nan bai sake riƙe galma don wani ba. Wannan abu ya ƙona mini rai, har gobe shina ƙona ni. Ku duba rufewar da ke gidajenku, duk wadda kunka ga wuyanta ya ɗan karkace, tawa ce ta bayan shekarar nan. Kufai kuma ba mu sake hawa ba. Inda ruwan ya fasa ya zama kwazazzabo, kowace damina shina ƙara cin abin da ya rage.

Ku ba ku ga wannan ba, an haife ku kun tarar ba a zuwa unguwar gindin dutse, kuka ɗauka haka Allah ya yi ta. Shi ya sa da kunka zo jan layi ba ku ga wani laifi ba. Isuhu, ka ce mini don a rage aiki ne, lokaci ya ƙure, ba a fafe gora ranar tahiya. Gaskiya ne lokaci ya ƙure. Amma na ga layin nan naku ya karkata ya fita har bakin hanya don ya ɗauko injin niƙa. Injin ba ya da jikoki. Gidan Bawa akwai matar ɗanshi da ƙananan ɗiya, ɗan ya tahi haƙar zinari tun shekarun baya, ba labari. Sauran gidajen tsofaffi ne da mata. Kun ce in suna so su taso su shigo ciki. Wa ya je ya ce musu ga ɗaki? Wa cikinku uwarshi za ta yarda su ɗora tukunya a murhunta?

Jiya da hantsi na je wurinshi. Idonshi ya tahi, sai dai ya gane mutum da tahiya. Na tarar shina zaune shina murza igiyar kaba. Ban ɓoye mishi ba, na ce samari za su tada ganuwa, na gaya mishi ta inda turaku sunka bi. Na ce ya kwaso yaran su dawo gidana. Ya ce to sauran maƙwabtan fa, gidana zai ɗauke su? Ya ci gaba da murza igiyarshi, can ya tambaye ni ko da gaske ta bakin tsohuwar rijiya layin ya bi. Na ce ta nan ne. Ya ajiye igiyar ya ce:

"Ka gaya musu su tuge turakun nan su ja su baya, su matsa da su kusa da gari. Daga rijiya zuwa bakin masallaci rairayi ne a ƙasa, jan da suke gani a sama bai kai kamu ɗaya ba. In sun haƙa nan, gwalalon zai rufta da su tun suna ciki. Yara ne, kada ƙasa ta danne ɗan wani."

Saƙonshi ke nan, na isar. Kuma gaskiya ya faɗa, na kai dagi wurin da yamma na gwada, ya nutse kamar cikin garin tuwo. Layinku ba zai tsaya inda yake ba, dole ya motsa. In kun ja shi baya kamar yadda ya ce, za ku samu ƙasa mai riƙo, aikinku ya ragu, gidanshi ya ƙara nisa da bango. Akwai kuma wata ƙasar mai riƙo, wadda ta fi waccan, jan marmara ce tsantsa, tana bayan gidanshi daf da gindin dutse. Ya san da ita fiye da ni, nan ubanshi ke ɗibar ƙasar wuyan rufewa. Bai ambace ta ba. Na jira ya ambata har na tashi tahiya, bai yi ba, kuma ba zai yi ba.

Aikin zai yi tsawo in kun bi ta can, ban ɓoye muku ba, wataƙila ruwa ya tarar da ku ba ku rufe ba. Ku je ku yi shawara da uwayenku. Duk inda kunka kafa turke zan nuna muku yadda ake yi, don akwai jarirai cikin garin nan da ba su ɗauki dutsen kowa ba. Ku sassaƙo madaɓai, aduwa ko kanya, kada ku kawo mini ɗanyen ice. In kun shirya ku aiko a kira ni, amma kada ɗan aiken ya ɓata ƙafarshi zuwa gidana. Na kai tabarmata da butata gidan Bawa tun jiya, can nake kwana yanzu.